Gidan da Maigidana Ya Saya da Sunana

Tambaya: Maigidana falken shanu ne a Maigatari. Ya sayi gida a Gumel da sunana. Da ya rasu, danginsa suka ce a sa gidan cikin gado. Ina mafita?

Amsa: Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. In kyauta ya yi miki da gidan, a Malikiyya kyauta tana tabbata da hauzi, wato ki karɓe ta tun yana raye. In ya furta kyautar gaban shaidu, kuma aka ba da shi haya ke ce mai karɓar kuɗin, gidan naki ne, rabon gadonki daban. In ciki kuka zauna har ya rasu, maganar ta fi wuya.

Ki adana takardar ciniki, ki nemo dillalin cinikin da shaidu, ki je kotun Shari'a a Gumel. Kada ki miƙa wa dangi asalin takardar.