Hawan Itace da Saransa: Gargaɗi ga Manoma da Masu Gatari

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ta Bichi ya nufi Kunci da Tsanyawa, zai ga gona na bin gona babu daji a tsakani, kuma kusan kowace gona da itatuwanta: ɗorawa, kuka, tsamiya, gawo, kanya, ga darbejiya a bakin hanya. Kowane ɗaya da mai shi, har gadonsa ake yi. Wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya daga baya ya dawo Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun wajen 1960 da 'yan kai yana nazarin wannan karkara, ya kuma nuna cewa yawan jama'a bai sa manoman Kano sun ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, kiwonsu suke yi. To, amfanin itace a sama yake, sai an hau. Wannan takarda a kan mai hawan take.

Da bazara, in ɗorawa ta nuna, za ka ga samari a can ƙololuwa suna kaɗo ta, mata da yara na tsinta a ƙasa. Da rani kuwa gawo yana da ɗanyen ganye, don shi da damina yake kakkaɓewa, sai makiyayi ya hau da gatari ya sassaro wa dabbobi. Kuka ita ce mafi yaudara. Jikinta santsi gare shi, itacenta kuma taushi kamar soso, turakun da ake kafa mata don a taka suna ruɓewa daga ciki alhali a ido lafiya lau suke. Turken bara ba abin amincewa ba ne bana. A girgiza kowane ɗaya da hannu kafin a ɗora masa ƙafa, wanda ya motsa a sake shi.

In mutum ya faɗo, abin da za ka ji a wurin jaje shi ne, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne, amma malamanmu sun sha gaya mana tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. In ka bi diddigin faɗuwar, sau da yawa za ka tarar an hau ne da sassafe raɓa ba ta bushe ba, ko iska na kaɗawa, ko an taka busasshen reshe, ko kuma an tura yaro ɗan shekara goma don wai ya fi sauƙin jiki. Kada a hau ba tare da wani a ƙasa ba. Kada a hau da gatari a hannu. A ɗaure shi da igiya, in an zauna daram a jawo shi. A ɗaura igiya mai ƙwari a ƙugu a zagaya ta jikin itacen, kuma kada reshen da ake sara ya zama shi aka ɗaure. A duba amya tukuna, don wanda ƙudan zuma suka rufar wa a sama ba ya tuna inda ƙafarsa take. Itacen da reshensa ya kusanci wayar lantarki kuwa a bar shi sai an sanar da ma'aikatan KEDCO sun ɗauke wuta, domin ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta.

Yanzu kuma ga zarto mai inji ya shigo karkara. Abin da gatari zai yini yana yi, shi kafin a gama shan fura ya kayar. Haɗarinsa yana bakin tsininsa: in ya taɓa abu mai tauri sai ya yi tsalle baya ya nufo fuskar mai riƙe da shi. A riƙe shi da hannu biyu, kada a ɗaga shi sama da kafaɗa, kada a yi aikin da silifa ko da babbar riga. Kafin a kayar da itace a fara yi masa baki ta gefen da ake so ya faɗi, sannan a yanko ta baya, a kuma share hanyar gudu tun da wuri. 'Yan kallo su ja da baya ninki biyu na tsawon itacen.

In abin ya auku, a nan ne muke yawan ƙara ɓarna da kyakkyawar niyya. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa, kada a zaunar da shi a kan babur. A kwantar da shi a miƙe kan ƙyauren ƙofa, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya, a nemi mota. Maɗori yana da wurinsa, amma ƙashin baya ba nasa ba ne. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, don irin wannan yake. Wanda gatari ya sara kuma a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kai shi a yi masa allurar tetanus.

Na san abin da mai gatari zai ce: igiya da hular kwano da takalmi kuɗi ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, amma ɗan ƙwadagon da aka yi jinga da shi a kan tsamiya ɗaya ba ya cikin littafin kowa. Gwamnati kuma ta sha fito da kuɗin tallafa wa sababbin dabarun sana'a. Shirin YouWiN na 2011 ya ba wa waɗanda suka yi nasara kyautar naira miliyan ɗaya zuwa goma, sai dai ta intanet aka nema, da Turanci, da rubutaccen tsarin kasuwanci, saboda haka 'yan boko suka kwashe. Akwai hukumar ƙananan sana'o'i ta SMEDAN, akwai Bankin Masana'antu da Bankin Manoma, akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da dokar 2015, wadda Kano na cikin jihohinta 11. Duk waɗannan da takarda suke magana, kuma sun fi sauraron ƙungiya a kan mutum ɗaya.

Sabuwar dabara ba sai da kwamfuta ba. Maƙerin da ya ƙera lauje ko zarto mai doguwar ƙota, wanda za a kaɗo ɗorawa ko a yanko ganyen kuka da shi ana tsaye a ƙasa, ya yi ƙirƙirar da ta cancanci tallafi, a ganina ma ta fi yawancin abin da ake ba kuɗi a birni. Masu sara goma ko ashirin na gari ɗaya su haɗu da maƙerinsu, su je ofishin ƙungiyoyin gama kai na ƙaramar hukuma su yi rajista, su buɗe asusun banki, kowa ya tanadi lambarsa ta NIN da BVN. Ko tallafi bai zo ba, adashen wata uku ya isa a sayi igiya da huluna na haɗin gwiwa. In an zo maganar rance a tambaya ƙarara ko kyauta ce ko bashi, in bashi ne ko akwai tsarin da babu kuɗin ruwa. Wanda kuma ya zo gari ya ce a ba shi kuɗi ya sa sunan mutum a jerin masu samu, a kai shi wurin dagaci ya yi bayanin ofishin da ya turo shi.