Shin Abu Mai Yawan Turjiya Ya Fi Cin Wuta?

Wani mai karatu daga Zariya, wanda ke koyon gyaran wuta, ya ce ya ga 230V da 1150W a jikin dutsen guga, ya kuma ga 13A a jikin fiyus ɗin filogi. Yana son sanin abin da ya haɗa lambobin nan. Sannan wai an gaya masa abin da ya fi turjiya shi ya fi cin wuta.

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Ɗauki wutar lantarki kamar ruwan tanki. Tsayin tankin shi ne ƙarfin da ke turo ruwan, wato bolt, harafin V ke nan. Yawan ruwan da ke bi ta bututu shi ne amfiya, harafin A. Ƙuncin bututun kuwa shi ne turjiya, ana auna ta da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya wallafa ƙa'idar da ta haɗa waɗannan ukun a 1827. Wat, mai harafin W, shi ne yawan aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa.

Lissafin biyu ne kacal. Bolt sau amfiya ya ba ka wat. Bolt a raba da amfiya ya ba ka om.

Mu gwada da dutsen gugarka. Raba 1,150 da 230, ka sami amfiya 5. Raba 230 da 5, ka sami om 46. Kwan fitila irin na da, mai wat 60, amfiya 0.26 kawai yake ja, turjiyarsa kuma ta kai wajen om 880. Ka ga ke nan kwan ya ninka dutsen guga turjiya kusan sau 19, amma ko kusa bai kai shi cin wuta ba. Wanda ya gaya maka waccan magana yana da uzuri, don in abubuwa biyu na jere a kan waya ɗaya, amfiya ɗaya na ratsa su, mai yawan turjiya ne zai fi zafi. Sai dai a gida kowane soket bolt 230 yake bayarwa, saboda haka mai ƙarancin turjiya ne ke buɗe wa wuta hanya, shi ke cinye kuɗin mita.

Fiyus ɗin fa? 13 sau 230 ya kama wat 2,990. Iyakar kayan da aka yi filogin ya ɗauka ke nan, shi ya sa ba na son ganin an jona hita da dutsen guga a ekstenshan guda.

Ga wani abin da ke ba mutane mamaki. In wuta ta yi rauni ta sauko bolt 115, amfiyar dutsen gugar ma takan ragu zuwa 2.5, sai wat ɗin ya koma kimanin 288. Rabin bolt, rubu'in zafi. Dalilin da ya sa ake shan wahalar guga ranar da wuta ta zo a raunane ke nan.

Wannan lissafi ya fi dacewa da kayan da ke yin zafi. Firji da fanka da injin jan ruwa suna da inji mai juyawa a ciki, lissafinsu na da ƙarin bayani. In za ka auna om da mitarka, ɗana, fara zare filogin daga soket tukuna.