Kiran Mutum "Baƙauye": Ƙabilanci Ne Ko Raina Talaka?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

A cikin birnin Kano, daga Kasuwar Kurmi har Ƙofar Mata, ba wuya a ji ɗan birni ya ce wa manomi "baƙauye" ko "bagidaje". Abin tambaya shi ne, wannan magana ƙabilanci ce, ko kuwa raina talaka?

Ma'auninsa shi ne a duba ko sunan yana kankaruwa. Mai zagin da wanda aka zaga duk Hausawa ne, harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Kuma in baƙauyen ya yi arziki, sai sunan ya faɗi. Alhaji Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi cikin 1877, amma kafin rasuwarsa cikin 1955 da shi birni ke alfahari. Ashe ke nan ba jini ake rainawa ba, kaushin hannu ne da tsohuwar riga. Haka yake a Amurka, inda Turawan birni ke kiran Turawan karkara "masu jan wuya", watau waɗanda rana ta ƙona a gona.

Amma fa akwai sunayen da ba su kankaruwa. Wanda ya jefi ɗan'uwansa da "Kaɗo", ko "Bamaguje", ko "ɗan bayi", asalinsa ya taɓa, wanda dukiya ba ta sākewa. Wannan kam ƙabilanci ne tsantsa.

To, a shari'a rarrabewar nan ba ta kuɓutar da kowa. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabai, ba ta ware na dangi daga na dukiya ba. Aya ta 13 kuwa ta mayar da fifiko ga taƙawa. Har wa yau, Bukhari ya ruwaito cewa da Abu Zarri ya aibata wani da uwarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna masa akwai sauran jahiliyya tare da shi.

Saboda haka wanda ya ce shi ba ƙabilanci ya yi ba, wasa ne kawai da ɗan ƙauye, ya sani girman kai ya yi, kuma shi ne zunubin da ya hallaka Iblis. Ya tuna geron da ake dama masa fura, hannun wanda ya raina ne ya noma shi.

Allah ya tsare harsunan Musulmi, amin.