Ku Shuka Wa Ƙudan Zuma Fure, Su Cika Muku Buhu

'Yan'uwa manoma, a wannan mako za mu yi magana a kan wani ɗan ƙodago wanda ke yi mana aiki a gona kullum, ba ya karɓar lada, ba ya jiran a kawo masa fura. Wannan ɗan ƙodago shi ne ƙudan zuma. Maganar ta shafi kowa, amma ta fi shafar mutanen Yasore da sauran ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana, waɗanda ke maƙwabtaka da dajin Rugu. Da can a daji ƙudan zuma ke samun yawancin abincinsu, a can kuma masu zuma ke rataya amya. Yanzu kuwa sara ya rage itatuwa, rashin tsaro kuma ya sa shiga daji ta zama kasada. Saboda haka lalle fure ya dawo kusa da mu, watau kan iyakar gona da bayan danga.

Aikin da su ke yi

Wanda ke da kabewa ya je wurinta da sassafe ya duba furenta da kyau. Zai ga iri biyu ne. Ɗaya yana bisa dogon siririn tsinke, shi ne namiji, a cikinsa akwai wani gari rawaya. Ɗayan kuwa yana da 'yar ƙaramar kabewa a gindinsa, shi ne macen. In ba a ɗauko garin nan daga namiji an kai cikin macen ba, 'yar kabewar sai ta yi rawaya ta faɗi. Garin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa, sai ƙwaro. Furen kuma safiya ɗaya ya ke yi a buɗe, kafin azahar ya rufe ke nan. Kun ga ashe in ƙudan zuma ba su zo da safen nan ba, an yi asarar kabewa guda.

Haka abin ya ke ga kankana da guna. Duma kuwa farin furensa da yamma ya ke buɗewa, ƙwarin dare ke yi masa wannan aiki. Gero da dawa da masara iska ta ishe su. Riɗi da auduga suna iya yin 'ya'ya da kansu, amma ba kamar in ƙudan zuma sun ziyarce su ba. A wani gwaji da aka yi a Burkina Faso, aka buga sakamakonsa cikin 2017, an rufe furen riɗi da na auduga don kada ƙwari su kai gare su. Amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuwa da kashi 59. Mai noman riɗi ya lissafa wannan da buhu, zai ga ba ƙaramar magana ba ce.

Su ma suna da lokacin yunwa

Riɗi da kankana 'yan makonni su ke yi suna fure, ƙudan zuma kuwa sai sun ci duk wata goma sha biyu. In suka rasa abinci sai su yi ƙaura su bar amya wayam. Dabara ita ce a samu tsire-tsire iri iri, wannan na gama fure wancan na farawa. Itatuwan ƙasarmu su suka fi dacewa da wannan, gama sun saba da ƙasarmu da zafinmu, ba su bukatar ban ruwa in sun kama. Ga yadda su ke bin juna:

Farkon damina: tsamiya da kuka. Furen kuka da dare ya ke buɗewa, jemage ne babban mai yi masa aiki.

Tsakiyar damina: bagaruwa, dakwara da kalgo, tare da ganyayen miya irin su gasaya, lalo da karkashi.

Ƙarshen damina da kaka: rama, yakuwa, magarya da kurna. Zumar furen kurna tana cikin mafi tsada a duniya, ita ce wadda ƙasar Yaman ta yi suna a kanta.

Farkon rani: gawo da sabara.

Tsakiyar rani zuwa bazara: ɗorawa, kaɗanya da aduwa.

Abin da za ku yi a daminar bana

Na fari, lokacin sassabe da noman farko kada ku bi kowane toho da gatari. Inda kututturen kalgo, ko sabara, ko magarya ya toho, ku zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi ku bari, ku sare sauran. Saiwarsa ta riga ta yi zurfi, saboda haka ya fi dashe saurin girma. Wannan shi ne abin da maƙwabtanmu na Maradi ke kira sassaben zamani. An fara shi cikin 1983, da shi kuma manoman Nijar suka mayar da itatuwa wajen miliyan 200 cikin gonakinsu.

Na biyu, ku ware ɗan fili mai faɗin taku biyu a kan iyakar gona, kusa da gamba. Ku shuka rama da yakuwa layi ɗaya, ku yafa karkashi da gasaya a tsakani. Ku gaya wa iyali in sun zo tsinkar ganye su bar wasu tushe su yi fure har su yi iri. Ta haka miya ta samu, ƙudan zuma sun samu, irin baɗi kuma ya samu. A cikin gida mata su dasa ɗaɗɗoya da lalle a gindin randa, inda ruwa ke zuba.

Na uku, wanda ke son gawo ko bagaruwa ya sani ƙwayarsu tana da tauri. Ku tafasa ruwa ku sauke, ku zuba irin a ciki ya kwana, da safe ku shuka. Ko kuwa ku tsinci wanda ya fito cikin kashin awaki, shi ya riga ya yi laushi. A shuka cikin watan Yuli sa'ad da ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya saboda dabbobi.

Na san wani zai ce itace a gona yana kawo inuwa da tsuntsaye masu cin gero. Gaskiya ne, don haka ne aka ce manya irin su ɗorawa da tsamiya a sa su a gefe, a riƙa yi musu aski. Gawo kuwa ba ruwansa da wannan zargi, gama da damina ya ke zubar da ganye, gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma ga abincin dabbobi.

Ku kiyaye su

Wake yana bukatar feshi lokacin da ya ke fure, lokacin nan kuwa ƙudan zuma ke cikinsa. Ku yi feshi da yamma lis, sa'ad da suka koma gida, kada ku yi da safe, kada kuma ku yi ana iska. Kada ku wuce awon da aka rubuta a jikin kwalba. Ku daina ƙunar daji don neman gafiya, gama wuta ba ta barin toho ko amya. Masu ɗiban zuma su yi aiki da hayaƙi maimakon wuta, su bar wa ƙudan wani sashe na saƙa. Da rani ku ajiye kasko da ruwa a inuwa, ku sa 'yan duwatsu a ciki don su sauka su sha ba su nutse ba. Amya kuwa a rataye ta nesa da hanya da turken dabbobi, saboda yara.

Ba ƙudan zuma kaɗai za su amfana ba. Galla, wadda ba ta harbi, ita ma tana kai garin fure. Zanzaro yana kama tsutsa ya kai ɗakinsa don 'ya'yansa, bushiya da hawainiya suna cin ƙwari, duka kuwa a irin wannan kan iyaka su ke samun mafaka. Kowannensu yana rage muku kuɗin magani.

To, jama'a, da zafi zafi a kan bugi ƙarfe. Kowa ya fara da taku biyun nan da toho goma a bana, ya lura da kabewarsa da riɗinsa baɗi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin.