Shirun Dare A Ƙasar Bagwai

Ƙasar Bagwai, a arewacin Jihar Kano, ƙasa ce ta manoma, gida kusa da gida, gona maƙale da gona. Abin da ya raba mutum da maƙwabcinsa sau da yawa bai wuce darni ko katangar ƙasa ba, da bazara kuwa kowa a tsakar gida ya ke kwana. Saboda haka ƙarar da aka tayar a gida ɗaya, unguwa duka ke jinta. A da kiɗan biki ne da kukan jaki; yanzu an sami ƙarin janareto, da injin niƙa, da lasifikar masu biki, da injunan ban ruwa na bakin madatsar Watari.

Akwai doka a kan wannan. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da muhalli da a ke kira NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idodin ƙara. A cikinsu dare ya kan fara daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 6 na safe, kuma a wurin da ya ke gidajen zama ne zalla ba a yarda ƙara ta wuce desibel 35 da dare ba, da rana kuwa 50. Desibel shi ne awon ƙara: raɗa wajen 30 ce, hirar mutum biyu wajen 60.

Ga wani lissafi da ya kamata mu koya wa yara. A fili, duk sa'ad da aka ninka nisa, ƙara ta kan ragu da desibel 6. Mu ɗauka janareto yana ba da 70 a nisan mita 1. A mita 2 ya zama 64, a mita 4 ya zama 58, haka haka, ba zai sauko ƙasa da 35 ba sai an kai mita 64. To, gida nawa ne a cikin mita 64 a garin Bagwai? Ai mai injin da ya ajiye shi jikin darnin maƙwabcinsa bai yi kome ba. Sai ya gina masa ɗaki, ko ya kashe shi.

Amma a ganinmu lokutan dokar nan agogon birni su ka bi. Manomi ba ya jiran ƙarfe 10. Da an yi sallar lisha ya kwanta, gama kafin asuba zai tashi, da damina kuwa rana ba ta fitowa ta same shi a gida. Malamanmu na allo sun riga sun karantar da mu, daga Suratun Nur, cewa bayan lisha da kafin asuba lokuta ne da ko yaron gida ba ya faɗa wa manya ɗaki sai da izini. In ƙafa ba ta shiga, ina dalilin da ƙara za ta shiga?

Mai unguwa ba da ma'aunin ƙara ya ke shari'a ba, da kunne ne da sanin mutane. Shi da dagaci su ke iya ce wa mai biki kiɗa ya tsaya lokaci kaza, a kuma ɗaga wa masu tada mutane sahur da azumi, tun da kowa ya yarda da su. Mu kuwa da za mu riƙe aji, in mun ga yara uku huɗu na unguwa ɗaya suna gyangyaɗi tun da hantsi, kafin mu ɗauki bulala sai mu tambaya me aka kwana ana yi a unguwarsu, sa'an nan mu kai maganar gaban mai unguwa.