Amsoshin Tambayoyinku: Dattawa Sun Ce An Yi Maslaha, Amma Ba a Tambaye Mu Ba

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Television da ke Kaduna. Wa'adin shugabannin ƙungiyarmu ya ƙare, sai dattawa suka ce kada a kaɗa ƙuri'a don gudun rabuwar kai, a yi maslaha kawai. Suka shige ɗaki, suka fito da suna, aka ce kowa ya amince. Da yawanmu ba mu amince ba, kunya ce ta hana mu magana. Shin maslaha ta fi zaɓe ne? Kuma ta yaya ake gane ta gaskiya?

AMSA: Dattawanku ba su yi laifi ba da suka ji tsoron ƙuri'a, domin ƙuri'a tana haifar da wanda ya ci da wanda ya faɗi, kuma su biyun gobe za su buɗe shago kafaɗa da kafaɗa. Inda aka samu matsala shi ne ɗaukar shirunku a matsayin yarda. Maslaha tana tabbata ne idan mai ƙi yana da damar cewa "ban yarda ba", aka saurare shi, sannan ya sauko don kansa. In babu wannan dama, naɗi aka yi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, garinku ya ishe mu. Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san abin da ya faru a watan Fabrairun 2000, lokacin da taƙaddama kan shari'ar Musulunci ta rikiɗe ta zama tarzoma, ta sake tashi a watan Mayu, aka rasa rayuka fiye da 1,000. Daga nan ne kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Musulmi da dama suka kwashe kayansu daga Television da maƙwabtanta suka koma Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci kuma suka tsallako kudu, zuwa Television da Narayi da Sabon Tasha. A irin wannan hali, da a ce ƙuri'a aka jefa kan shari'a, duk ɓangaren da ya faɗi ba zai kwana da ita ba.

Gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta bi wata hanya. A 2001 aka fito da tsarin da ya ba Musulmi kotunan shari'a, ya ba sauran al'umma kotunan gargajiya, kotunan da aka saba da su kuma suka ci gaba da aiki. Masu son a yi shari'a irin ta Zamfara ba su sami duk abin da suka nema ba, masu cewa kada a ji ko sunan shari'a su ma ba su samu ba. Kowa ya koma gida da ɗan ƙunci a rai, amma ya ga nasa a ciki. A ganina wannan ita ce alama ta farko ta maslahar gaskiya: in aka tashi daga zaman maslaha ɓangare ɗaya na guɗa, ɗayan ya sunkuyar da kai, to, a sake lale.

Sai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi kama da taku. Ranar 22 ga Agustan 2002, malaman addini 22, Musulmi 11 da Kirista 11, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Cikin waɗanda suka yi ɗawainiyarta akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutane biyu da a da suke gaba da juna, har Wuye ya rasa hannu a wani rikici a 1992. Aiki ne mai daraja, ba mai raina shi. Amma wata uku kacal bayan haka, a Nuwamba, rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke, mutum fiye da 200 suka mutu. Bakin manya ya zo ɗaya, amma maganar ba ta gama isa ga matasan da ke kan titi ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla a sama tana buƙatar a sauko da ita majalisa-majalisa, tasha-tasha, kafin ta zama ta jama'a.

Hatta 'yan siyasa, waɗanda suka fi kowa cin zarafin maslaha, doka ta taka musu burki. Sashe na 84 na dokar zaɓe ta 2022 ya ce jam'iyyar da ke son fitar da ɗan takara ta maslaha sai ta karɓi amincewar dukkan masu neman kujerar a rubuce, cewa sun janye da son ransu. Mutum ɗaya ya ƙi sa hannu, sai a koma zaɓen fidda gwani. Na san akan murɗe hannun wasu a bayan fage, amma ƙa'idar kanta mai kyau ce, kuma ƙungiyarku za ta iya aronta.

Kada kuma ka ɗauka haɗuwar baki na nufin an dace da gaskiya. Shekaru da yawa likitocin duniya sun yi ittifaƙi cewa damuwa da yawan tsamin ciki ne ke kawo olsa. Wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka ce ƙwayar cuta ce. Aka yi musu kallon masu shirme, har Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu da ciwon ciki don ya kafa hujja. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Abin lura, likitoci ba su canja ra'ayi don kunya ko girman wani ba, gwaji aka yi ta maimaitawa har hujja ta rinjaya. Shi ya sa ittifaƙin masana ke da nauyi: ƙofar ja da shi a buɗe take ga mai hujja.

To, ga shawarata. Kada ku tsaya gunaguni a bakin shago, kada kuma ku kunyata dattawa a bainar jama'a. Ku wakilta mutum biyu ko uku masu sanyin baki su same su a gida, su ce an gode da ƙoƙari, amma akwai waɗanda ba a ji ta bakinsu ba. Ku nemi a kira taro, a tambayi duk wanda ya nuna sha'awar kujerar ko ya janye da yardarsa. In duka sun janye, ku mara wa wanda aka fitar baya da zuciya ɗaya. In akwai wanda ya ƙi, a raba takarda kowa ya rubuta zaɓinsa a asirce, a ƙirga a gaban kowa. Sannan ku sa wannan tsari cikin dokar ƙungiya tun kafin wa'adi na gaba ya zo.

Muna jiran wasiƙarka kan yadda ta kaya. Allah Ya haɗa kanku.