Karatun Yaro Kafin Shiga Aji: Jan Hankali ga Iyayen Bolari

Bolari tana cikin manyan unguwannin birnin Gombe, har an kasa ta mazaɓu biyu, ta gabas da ta yamma, kuma tun daga ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire jihar Gombe daga tsohuwar jihar Bauchi aka mai da birnin fadar gwamnati, jama'a ke ta kwararowa cikinsa daga ƙauyuka da garuruwan maƙwabta. Yawan jama'a ya kawo yawan yara, yawan yara kuwa ya cika azuzuwan firamare, ta yadda malamin aji ɗaya ba ya samun sukunin zama da kowane yaro shi kaɗai ya nuna masa baƙi da baƙi. A irin wannan hali, abin da yaro ya zo da shi daga gida shi ne yake raba wanda zai kama karatu da wuri da wanda zai yi shekara uku yana bin bakin 'yan'uwansa ba tare da ya san abin da ke kan allo ba.

Abin da masana tarbiyya ke kira share fagen karatu shi ne dukkan abin da yaro ke tarawa tun daga goyo har zuwa shekara shida wanda zai sauƙaƙa masa gane rubutu daga baya, kuma mafi yawansa ba ya buƙatar alƙalami. Ya haɗa da yawan kalmomin da yaro ya sani, da iya bin labari daga farko zuwa ƙarshe, da jin cewa kalma tana rabuwa gaɓa-gaɓa, da sanin cewa zanen da ke kan takarda magana ce aka ajiye. Likitoci sun tabbatar da cewa kafin yaro ya cika shekara biyar ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum, saboda haka waɗannan shekaru ga karatu kamar sharar gona suke ga manomi, wanda ya bari sai ruwa ya sauka ya riga ya makara.

Akwai iyayen da ke ganin wannan aiki ya fi ƙarfinsu domin su kansu ba su yi boko ba, alhali kuwa kayan aikin farko suna bakinsu. Uwar da ke surfe ko tankaɗe tana gaya wa ɗanta sunan turmi da taɓarya da rariya, tana tambayarsa wanne ya fi nauyi, tana jira ya amsa ko da da gwaranci ne, ta riga ta shiga aikin malanta. Haka kakar da ke tara jikoki bayan sallar isha ta ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, musamman idan ta tsaya a tsakiya ta ce su faɗi abin da suke zaton Gizo zai yi, domin hasashen abin da zai biyo baya shi ne ginshiƙin fahimtar rubutaccen labari. Kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa da wasannin lanƙwasa harshe kuwa suna horar da kunne ya rarrabe sautuka masu kama da juna, irin su bara da ɓara ko kafa da ƙafa, wanda shi ne abin da baƙaƙe masu ƙugiya za su nema daga yaro ranar da ya gamu da su a littafi. Abin takaici shi ne wayar hannu ta fara cinye wannan lokaci na dare a gidaje da yawa, kuma hoton da ke motsi a waya ba ya tambayar yaro, ba ya jiran amsarsa.

An gwada ƙarfin wannan hira ta gida a Kingston, babban birnin Jamaika, a shekarun 1986 da 1987, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajen yaran da tamowa ta tsumburar sau ɗaya a mako har tsawon shekara biyu, suna koya wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da littattafan hotuna da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran, aka tarar abin da suke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a koya wa iyayensu wannan ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Makarantar allo, wadda kusan kowane yaron Musulmi a Bolari ke fara zama a cikinta, ita ma tana da rabonta, kuma kuskure ne a ɗauke ta kishiyar boko a wannan fage. Yaron da ya wuce babbaƙu, wato sanin haruffa tsurarsu, ya shiga farfaru, wato haɗa su da wasali, ya riga ya gane babban sirrin rubutu, cewa kowace alama tana ɗauke da sauti kuma sautuka suna haɗuwa su ba da kalma. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa boko daga hagu yake tashi zuwa dama, kuma malamin firamare mai basira yakan gina kan wannan sani maimakon ya yi kamar yaron bai taɓa ganin rubutu ba.

Batun harshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin Gombe gari ne na harsuna da yawa, akwai Fulatanci da Bolanci da Teranci da Tangale da Waja, amma Hausa ce yaran unguwa ke wasa da ita a kan layi. Yaro sau ɗaya yake koyon dabarar karatu a rayuwarsa, kuma ya fi saurin kama ta a harshen da yake ji, sa'an nan ya ɗauke ta ya kai Turanci. Wannan ne ya sa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko na yankin da suke, kuma a kan wannan hujja aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a azuzuwa ɗaya zuwa uku a jihohin Bauchi da Sakkwato. Uban da ke alfahari da cewa ɗansa ɗan shekara huɗu yana rera haruffan Turanci da ka ya kamata ya gwada shi ta hanyar nuna masa harafi ɗaya daga tsakiya, domin sau da yawa waƙar ce ya haddace, harafin bai san shi ba.

Littafin ƙaramin yaro ba sai mai tsada ba, amma ya kasance mai manyan hotuna da gajerun jimloli, a ɗora yaron a cinya, a bar shi ya buɗe shafi da hannunsa, mai karantawa yana bin layi da yatsa, ko da na minti goma ne a kullum. Inda iyaye ba su iya ba, yaya ko yayar da ke aji biyar ko shida ta isa, kuma ita ma karatunta zai ƙara kauri. Maimaita littafi ɗaya sau da yawa ba ɓata lokaci ba ne, yara da kansu suke neman haka. Duka da tsawa kuwa ba su da gurbi a nan. Yaron da ba ya waiwayowa idan an kira shi, ko yake manna takarda a fuska kafin ya gani, asibiti ya kamata a kai shi a duba kunne da ido kafin a yanke masa hukuncin daƙiƙanci.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara kafin firamare cikin ilimin tushe, saboda haka neman a buɗe ajin share fage a makarantar gwamnati ba roƙon alfarma ba ne. Ana kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin coci da kwamitocin iyaye na makarantun Bolari su bi wannan haƙƙi a ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Gombe, su kuma tara kuɗi a sayi akwatin littattafan Hausa na yara a kowace makaranta da Islamiyya, wanda za a riƙa ba da aro yaro ya tafi da shi gida ranar Alhamis ya dawo da shi ranar Litinin.